Mu Leƙa Tukuna

Akwai wani mai gyaran famfo da mutanen unguwarsu suka manta ainihin sunansa. Kowa "Mu Leƙa" yake ce masa, manya da yara, har da matarsa in ta so tsokana.

Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Ko me ka kira shi ya gyara, ko famfo ne ke ɗiga, ko ban-ɗaki ne ya ƙi shanye ruwa, ba zai taɓa guduma ba sai ya ɗaga maka hannu ya ce, "Mu leƙa tukuna."

Kuma da gaske leƙawar yake yi. Yana da wata 'yar kyamara mai fitila, ba ta fi kan ɗan yatsa ba, a maƙale a bakin doguwar waya mai lanƙwasa. Sai ya zura ta cikin bututu, hoto ya fito a wani ɗan allo da yake ratayawa a wuya. Wasu masu gyaran sai sun farfasa maka tayil, sun tone rabin tsakar gida suna lalube. Shi kuwa sai ya dubi allonsa, ya taka wuri ɗaya ya ce, "Nan ne." A tona, a tarar nan ɗin ne.

Wannan kyamara ita ce abin tinƙahonsa. Tsumman goge ta daban ne, kuma ba ya ba da aronta ko kuka za ka yi masa. Mutumin kirki ne, ba ya ha'inci a aiki, amma fa akwai son wa'azi. In ya zo gidanka ya tarar bututu ya fashe, to ka shirya kunnuwanka.

"Duk bututun da ya fashe yau," haka yake cewa, "jiya lafiya lau ruwa ke gudu a cikinsa. Matsalarku ke nan, ba ku neman mai gyara sai ruwa ya shigo ɗaki."

Shekarunsa sun ɗan haura hamsin, amma ƙarfinsa na nan daram. Yana ci da kyau, yana barci da kyau. Rabonsa da asibiti tun ranar da ya kai matarsa haihuwar autarsu, kuma yana faɗin haka kamar wanda aka ba lambar yabo.

Mu Leƙa yana da wa guda ɗaya tak, direban bas. Shi ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya kama hannunsa ya kai shi koyon sana'a. Mu Leƙa bai taɓa kiran sunansa ba, Yaya yake ce masa. Ko yanzu da furfura ta cika masa gemu, ba ya zama kan kujera in Yaya na tsaye.

Wata rana Yaya ya ja shi gefe, ya rage murya, ya ce yana ganin ɗan jini in ya kewaya bayan gida.

"Basir ne," in ji Mu Leƙa, ko tunani bai tsaya yi ba. "Aikin tuƙi ai ya gaji haka. Zama ne ya yi yawa."

Kun dai san mu da kalmar basir. Duk abin da ya taɓa mutum daga cibiya zuwa ƙasa, basir ne. Ciwon baya basir, kasala basir, jini basir. Kalma ce mai daɗin faɗa, domin da zarar ka furta ta kowa zai gyaɗa kai, a rufe zancen, ba wanda zai ƙara tambayar ka komai.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, mutumin da ba ya taɓa bututun gidan wani sai ya ce a leƙa, shi ne ya je da ƙafarsa wurin masu tallar magani da lasifika a bayan mota, ya sayo wa wansa maganin basir a kwalba.

Yaya ya sha, ya ƙara sha. Watanni suka shuɗe. Wando ya fara zamewa daga ƙugunsa, ya ƙara huda a bel ɗinsa, ya ce gajiyar hanya ce. Ana nan, sai ga ranar da ya yanke jiki ya faɗi a tasha, direbobi suka kwashe shi sai asibiti.

Da aka bincika, ciwon daji ne a babban hanji, can ƙasa-ƙasa, kuma ya daɗe yana aiki a ɓoye. Aka yi masa babbar tiyata, aka ɗora shi kan magani mai wahalarwa. Allah ya sa da sauran shan ruwa a gaba, jiki ya karɓi magani, Yaya ya fara dawowa sannu a hankali.

Ranar da za a sallame shi, likitan ya kira Mu Leƙa ofishinsa. Mutum ne mai sanyin murya, ya tura masa kujera.

"Malam, kai ne ƙaninsa? Uwa ɗaya uba ɗaya?"

"Ni ne, Likita."

"To kai ma ina so a duba ka."

Mu Leƙa ya yi dariya, ya bugi ƙirji. "Ni? Ai ni lafiyata lau. Ko ciwon kai ba na yi."

"Shi ya sa nake so a duba ka yanzu," in ji likitan. "Wannan ciwo yawanci ba a matsayin daji yake farawa ba. Ɗan tsiro ne ke fitowa a jikin hanji, ba zafi, ba komai. Yana iya yin shekaru a haka kafin ya rikiɗe. In an gan shi da wuri, a nan take ake cire shi, magana ta ƙare. Duk wanda ya kai shekarunka ya kamata a duba shi, balle kai da ɗan'uwanka na jini ya yi."

"Ta yaya ake dubawar?"

"Da kyamara. Siririya ce, mai fitila, a bakin wani bututu mai laushi. Hoto na fitowa a allo, mu ga cikin hanjin gaba ɗaya. Sunan gwajin kolonoskofi."

Sai fuskar Mu Leƙa ta washe. Ya gyara zama, ya ga ya samu abokin sana'a. "Kai, Likita, ai ni ma ina da irinta! Ta ina kuke zurawa? Ta baki?"

"A'a. Ta ƙasa. Ta dubura."

Mu Leƙa ya dubi likitan, ya dubi ƙofa. Ya miƙe a hankali, ya gyara hula, ya ce, "Allah ya saka da alheri, Likita. Zan yi shawara." Ya fita bai waiwaya ba.

Kusa da shagonsa akwai wani benci a ƙarƙashin rumfar mai shayi, inda mazan layin ke taruwa bayan an tashi aiki. Nan ya tafka kuskure. Ya kwashe labarin kaf ya zazzage musu, yana jiran su taya shi jin haushi.

A cikinsu akwai Mai Faci, abokin wasansa tun ƙuruciya, mutumin da bakinsa ba shi da birki. Mai Faci ya ajiye kofin shayi, ya riƙe ciki yana dariya har da hawaye.

"Jama'a, ku zo ku ji! Mai leƙa ramin mutane yau za a leƙa nasa! Ka tafi musu da taka kyamarar mana, ita ce ta san hannunka."

Benci ya kece da dariya.

"Wallahi in ka je," in ji Mai Faci yana share ido, "daga ranar sunanka ya tashi daga Mu Leƙa, ya koma An Leƙa."

An Leƙa. Sunan ya shiga kunnensa ya zauna. Ya hango kansa yana wucewa a kan babur, yara na ihun "An Leƙa! An Leƙa!" Ya hango masu gidajen da yake yi wa wa'azi suna ƙunshe dariya. Nan take ya rantse a gaban kowa cewa ko a mafarki ba wanda zai yi masa wannan cin mutunci.

A gida matarsa ta yi magana sau ɗaya, ta yi sau biyu.

"Baban Auta, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai shafa wa naka ruwa kake yi."

"Maman Auta, gemuna lafiya lau yake. Da girmana, da iyalina, in je in kwanta wani ya... Kai! A bar zancen nan."

Ta bar zancen. Mace ce mai haƙuri, kuma ta san mijinta. In ka tura shi gaba, baya yake yi. Amma tsoro bai bar ta ba. Takan tsaya tana kallonsa yana cin abinci, tana tuna yadda Yaya ma yake ci da kyau kafin abin ya bayyana.

Bayan 'yan makonni, wata dattijuwa, tsohuwar malamar makaranta, ta kira shi ya gyara mata famfon kicin. Gidan tsaf-tsaf, ko'ina na ƙamshin sabulu, takalma a jere a bakin ƙofa kamar 'yan aji. Ya canza robar famfon nan da nan, aiki ya ƙare.

Yana fitowa sai ya tsaya a tsakar gida. Akwai wata ƙatuwar bishiya a jikin katangar da ta raba gidan da na maƙwabci. Ya san bishiyar. A watan da ya wuce shi ya tone gidan maƙwabcin, bayan saiwarta ta fasa magudanar ban-ɗaki, ruwa mai wari ya malale har falo.

Ya ɗaga hannu. "Malama, mu leƙa magudanar ban-ɗakinki."

"Me ya same ta? Ruwana na tafiya lafiya lau."

"Na maƙwabcinki ma lafiya lau yake tafiya kafin ya fashe. Gidanki da nasa magini ɗaya ne, bututu iri ɗaya, bishiya ɗaya ce a tsakaninku. Abin da ya shiga nasa ba zai ji kunyar naki ba."

Malama ta gyara mayafi, ta ɗaure fuska. "A'a, ɗan nan. Ka zura abu a ban-ɗakina, ka zauna kana kallon ƙazantar gidana a talabijin? Da girmana? Ina!"

Mu Leƙa ya yi murmushin wanda aka zo fagensa.

"Malama, ke kike ganin ƙazanta. Ni bututu nake gani. Na leƙa na attajiri, na leƙa na talaka, duk iri ɗaya ne, kuma ina fita gida nake mantawa. Ki zaɓa. Ko kunyar ɗan lokaci tsakanina da ke, ko ranar da zai fashe, duk unguwa ta ji warin."

Malama ta matsa gefe ta ba shi hanya.

Ya zura kyamara. Da farko bututu fes, ba komai. Ya ƙara turawa. Can wajen gwiwar bututun, sai ga ta. Wata 'yar saiwa, siririya kamar zare, ta samu tsaga ta leƙo ciki, ruwa na kaɗa ta. Ya juya allon ya nuna mata.

"Wannan 'yar abar?" in ji ta.

"Ita. Ki ba ta shekara biyu ko uku, ta zama kamar damtsena."

Ya zura wayar yanka ya datse ta, ya tono bakin tsagar daga waje ya liƙe. Ko tayil ɗaya bai fasa ba. Malama ta yi ta sa masa albarka har bakin ƙofa.

Ya iso gida da rana yana washe baki. Yana wanke hannu ya fara ba da labari, yana kwaikwayon muryar Malama, yana gyara mayafin da ba shi da shi. Matarsa ta ajiye masa abinci ta zauna a gefe tana sauraro.

"Mutane sai a hankali," ya ce yana kai loma. "Kunya za ta sa gida ya rushe musu a ka."

"Baban Auta, me ka ce mata ma? Sake faɗa in ji, ya yi mini daɗi."

Ya gyara murya. "Na ce, Malama, ke kike ganin ƙazanta, ni bututu nake gani. Na ce gidanki da nasa magini ɗaya ne, abin da ya shiga nasa ba zai..."

Sai ya tsaya. Lomar na hannunsa, ba ta kai baki ba, ba ta koma kwano ba.

"Ƙarasa mana," in ji ta a hankali. "Magini ɗaya, bututu iri ɗaya."

"Ke, bar wannan! Mutum ai ba bututu ba ne."

"Gaskiyarka. Bututu in ya fashe kasuwa ake zuwa a sayo wani. Kai fa, a wane shago zan samo?"

Ta tashi ta shiga kicin don kada ya ga idonta. Shi kuwa ya zauna a gaban abincin da ya fita daga ransa. Wanzami dai ba ya son jarfa, kuma ranar ya ji kunyar kansa ƙwarai.

Duk da haka bai ce zai je ba. Washegari ya hau babur ya tafi duba Yaya.

Ya same shi zaune a baranda, ya ɗan yi kumari, rediyo na gefensa. Suka gaisa. Yaya ya jira matarsa ta ajiye ruwa ta koma ciki, sannan ya ce, "Ɗan ƙanena, matso. An ce mini ka ƙi zuwa."

Mu Leƙa ya sunkuyar da kai. "Yaya, abin ne da nauyi."

Yaya ya ɗaga rigarsa. A gefen cikinsa akwai wata 'yar jaka manne da fata. Mu Leƙa ya ji labarinta a asibiti, amma duk lokacin da za a gyara ta fita yake yi. Yau ne ya fara ganin ta da idonsa.

"Ka gan shi?" in ji Yaya. "Fasinjana ke nan. Na yi shekaru ina tuƙi, ban taɓa ɗaukar fasinjan da ba ya sauka a tasha ba sai wannan. Ta nan bayan gidana yake fita yanzu. Na saba, muna zaman lafiya, kuma na gode wa Allah da ya bar ni da raina. Amma a farko matata ce ke wanke ni kamar jariri. Kai kunyar ɗan lokaci kake gudu, kana barci ma ake yi, ba za ka sani ba. Ni da ban bari an leƙa ba, wace kunya ce ban sha ba?"

Idon Mu Leƙa ya cika. "Yaya, ni na ce maka basir ne. Ni na kawo maka kwalbar nan."

"Kai ka ce, ni ma na ce, duk tasha ta ce. Wannan ya wuce." Ya sauke rigar. "Tun da na riƙe ka ban taɓa roƙon ka komai ba. Yau ina roƙo. Mu biyu muka rage. Ka je."

Abin da likita bai yi ba, abin da mata ba ta ƙarasa ba, wannan 'yar jaka ta yi shi. Daga gidan Yaya asibiti ya wuce, aka sa masa rana.

Ashe wahalar ba a gwajin take ba, a jajibirinsa take. Aka hana shi abinci mai nauyi, sai ruwa da tataccen romo da shayi ba madara. Aka ba shi maganin wankin ciki ya yi ta sha. Daga nan fa hanya ta buɗe tsakanin ɗaki da ban-ɗaki, ya je ya dawo, ya je ya dawo, har ya daina cire takalmin wanka.

Matarsa na zaune a tsakar gida tana tsintar wake, tana danne dariya.

"Baban Auta, yau dai za mu ga ingancin aikinka. In magudanar gidan nan ta jure yau, to ka iya."

"Ki yi dariyarki," ya amsa daga ciki da muryar wahala. "Da ni da magudanar, duk ba mai toshewa."

Da safe ta raka shi. Ya roƙi a ba shi namiji, aka ce likitan nan ne mai sanyin murya. Wani ma'aikacin jinya ya ba shi riga da wani gajeren wando mai tsaga a baya, ya kwantar da shi ta gefen hagu, ya lulluɓe shi da zani. Mu Leƙa ya yi mamaki, don ya zaci tsirara za a yi masa.

"Likita," ya ce, "wallahi kunya nake ji."

"Na sani, Malam. Amma kai kake ganin abin kunya. Ni hanji nake gani, kuma ina fita ɗakin nan nake mantawa."

Duk da tsoron da yake ciki, sai da Mu Leƙa ya yi dariya. "Likita, maganata ka sata."

Aka yi masa allura a hannu. Yana cikin kallon allon da ke bango, yana raya cewa ya fi nasa girma nesa ba kusa ba, sai ido ya yi nauyi.

Ya farka ya ga matarsa zaune a gefen gado. Ya dube ta, ya dubi ma'aikacin jinya.

"Yaushe za a fara?"

"Ai an gama tun ɗazu, Malam."

Ya shafa cikinsa. Ba ciwo, sai ɗan kumburin iska. Wannan ne abin da ya hana shi sukuni tsawon makonni?

Likitan ya shigo da hoto a hannu. Ga cikin hanji, ja-ja, sumul. A wata lanƙwasa kuwa, ga wani ɗan tsiro kamar ƙwayar wake, a tsaye kan siririn wuya.

Mu Leƙa ya ƙura masa ido. Ya san wannan hoton. Ya gan shi a gidan Malama.

"Saiwa," ya ce a hankali.

"Mun cire shi," in ji likitan. "Za mu aika a bincika."

Kwanakin jiran sakamako sun yi masa tsawo, ba zan ɓoye muku ba. Ya rage surutu, ya yawaita addu'a. Da ya koma, likitan ya ce tsiron bai zama daji ba, amma irin wanda yakan rikiɗe ne in an bar shi ya daɗe. An cire shi duka. Sai dai ya dawo bayan 'yan shekaru a sake leƙawa.

Matarsa ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka, na farin ciki. Da suka biya ta gidan Yaya da labarin, Yaya ya ɗaga hannu sama ya daɗe bai sauke ba, sannan ya ce a kawo wa ƙaninsa abinci, ya rame.

Da yamma Mu Leƙa ya nufi rumfar mai shayi. Labari ya riga shi isa. Tun daga nesa Mai Faci ya miƙe tsaye ya ware murya.

"Ga An Leƙa nan! An Leƙa, barka da zuwa!"

Kowa ya zuba ido ana jiran faɗa. Mu Leƙa ya kafe babur, ya zo ya zauna a tsakiyar benci.

"Na'am," ya ce. "An leƙa, an gani, an cire. Ku fa?"

Ya fito da hoton ya miƙa, ya bi hannu-hannu. Ya ba su labarin komai, da wando mai tsaga, da zaryar ban-ɗaki, da yadda ya farka yana tambayar yaushe za a fara. Aka yi dariya sosai, amma ba irin ta ranar farko ba ce. Da hoton ya iso hannun Mai Faci, ya daɗe yana kallo. Ya mayar, ya bar shayinsa ya huce.

Bayan kwana biyu Mu Leƙa na shago yana goge kyamararsa, sai ga Mai Faci a bakin ƙofa, wai ya zo aron sifana. Mutumin da sifanu suka cika masa akwati. Ya karɓa yana juya ta a hannu, ya ƙi tafiya.

"Wai da gaske ba a jin komai?"

"Ko cizon sauro."

"Kuma ana rufe mutum?"

"Ruf."

Mai Faci ya leƙa titi hagu da dama, ya matso, ya rage murya. "Ba don komai nake tambaya ba fa. Ni dai kwanan nan ina ɗan ganin... ka gane dai. Amma basir ne kawai."

Kalmar ta daki Mu Leƙa a ƙirji. Ya tuna ranar da Yaya ya ja shi gefe da irin wannan muryar. Ya ajiye tsumma, ya rufe akwatin kyamara, ya ɗaga wa abokinsa hannu.

"Mu leƙa tukuna."

Ya ja ƙofar shago ya datse, ya goya Mai Faci a babur, suka nufi asibiti.

Na Mai Faci basir ɗin ne da gaske, likita ya ba shi magani ya samu sauƙi. Amma wannan karon gani aka yi, ba zato ba. In ka bi ta rumfar mai shayin nan yau ka kira "An Leƙa", mutum biyu ne za su waiwayo, kuma dukansu da murmushi za su amsa maka.

Darasi: Kada kunyar ɗan lokaci ko tsoron bakin mutane su hana ka abin da zai tsare maka rai. Masu dariyar ba su ne za su yi jinyarka ba. Ba kowane jini ne basir ba, kuma jin lafiya lau ba shi ne shaidar babu komai a ciki ba. In shekarunka sun doshi hamsin, ko wani naka na jini ya taɓa yin ciwon daji na hanji, ko kana ganin jini, ko rama ba dalili, ko canji a bayan gidanka, je ka ga likita ka tambaye shi batun gwajin leƙa hanji. Mace ko namiji, duk ɗaya ne. Rigakafi ya fi magani. Ka tura wannan labari ga yayanka, da mahaifinka, da wannan abokin naka mai cewa "basir ne kawai". Wataƙila shi ne yake jiran wanda zai ce masa, mu leƙa tukuna.